Ruwan da Na Ba Geron Baba

Ba zan tsaya ba da labarin yadda na bar gida ba, duk wanda ya taɓa tafiya ya san yadda ake rabuwa a tasha. Nawa labarin ya fara ne a filin jirgin sama na Delhi, ƙasar Indiya, a gaban wani jami'i mai kaurin gashin baki da ya ɗaga ƙunshin geron mahaifina da yatsu biyu kamar ya tsinci mushen ɓera.

Sunana Lawal. A wata 'yar unguwa da ke bayan Wagini aka haife ni, a ƙasar Batsari, kuma kafin wannan tafiya ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare cikin garin Batsari. Na samu gurbin karatun digiri na biyu a wata jami'a da ke yammacin Indiya, inda ake binciken yadda tsirrai ke jure fari. Malamar da za ta duba aikina, Dakta Mina, ta rubuto mini cewa in akwai wani tsohon irin gero a wajenmu in taho da shi. Akwai kuwa. Ɗan Tanko muke kiransa, da sunan kakan mahaifina. Gajere ne, zangarniyarsa ba ta cika ido, amma shekarar da ruwa ya ɗauke gonakin mutane suka ƙone, mu mukan samu abin kaiwa rumbu. Maƙwabta da yawa sun taɓa karɓa, sai dai shekarun wahala sun sa wasu sun cinye irinsu, wasu sun koma na kasuwa. Baba kaɗai ya rage yana zaɓen zangarniya mai kyau duk kaka, ya ɗaure ta daban, ya ajiye a ƙaramin rumbun da ko Inna ba ta taɓawa. Rabin tiya ya auna mini da hannunsa, Inna ta ɗinke shi a cikin wani tsohon zane.

Takardar izinin shiga da iri kuwa wani dillali ne a Kano ya yi mini ita, mutum mai zaƙin baki da ƙamshin turare, wanda ya rantse mini cewa ɗalibai sun fi a ƙirga da ya tura. Jami'in ya juya takardar gaba da baya, ya kira wani, suka yi dariya da harshensu. Sannan ya ce mini da Turanci, “Wannan takarda ba daga kowane ofis ta fito ba. Ka gode wa Allah irin kaɗai za mu riƙe.” Na roƙe shi har na fara jin kunyar kaina. Ina kallo ya jefa zanen Inna cikin wani jan durom ya rufe.

Mutumin da dillalin ya ce zai tarye ni ma babu shi, lambar wayarsa ba ta taɓa shiga ba har yau. Wani mai keke-napep ya ɗauke ni ya yi ta zagaye da ni, sai da na ga wani shagon takalma sau uku sannan na gane abin da ake yi mini. Na yi masifa da Hausa, ya yi da harshensa, babu wanda ya ji na wani, a ƙarshe shi ya ci. Kwana uku na yi a wani ɗaki marar taga tare da wasu 'yan Afirka biyu da su ma wani ya yaudaro. In na fita sayen shayi, yara su biyo ni suna ihu, manya kuma su tsaya cak suna kallona har in wuce. Ni da ɗalibai ke miƙewa tsaye in na shiga aji, na koma abin nuni.

Ran kwana na uku na zazzage jakata don in sake shirya kaya, sai na ji wani abu ya zubo ƙasa, tsss. Ashe ɗinkin Inna ya ɗan saki a gefe, wasu ƙwarorin gero sun gangara lungun jaka. Na durƙusa na tsince su ɗaya bayan ɗaya da danshin yatsa. Ƙwara sittin da uku. Na ƙulle su a hankici na sa a aljihun gaba, ban sake cire rigar ba sai wajen wanka.

Daga Delhi jirgin ƙasa na shiga zuwa yamma. Tafiya ce mai tsawo, kuma da muka nausa sai ƙasar ta fara kama da tamu: rairayi, ƙaya, awaki, raƙuma. Yunwa ta dame ni don abincinsu ya hana cikina zama lafiya. Wata tsohuwa da ke zaune gabana ta lura ban ci komai ba, ta kwance wani ƙyalle ta miƙo mini gurasa mai launin toka. Na karɓa don kada in yi rashin kunya. Ina gutsura na ji gero ne, gero sak, da ɗan ɗacin nan na ƙarshe. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Tsohuwar ta ɗauka yaji ne ya yi mini yawa, ta yi ta ba ni ruwa tana faɗa da jikarta. Ban san sunanta ba, amma har yau ina sa ta a addu'a.

Dakta Mina 'yar ƙaramar mace ce mai furfura, ba ta dariya, ba ta kuma ɗaga murya. Na kwance hankicina a kan teburinta ina jiran faɗa. Ta dubi ƙwarorin, ta dube ni, ta ce, “Ba za a shuka su a nan ba sai an bincika ba su ɗauke da cuta. Wannan karon ta hanyar da ta dace za mu bi.” Ita da kanta ta cike takardun ta aika da su. Bayan mako biyar ƙwarorin suka dawo, an lalata wasu wajen gwaji. Muka shuka abin da ya rage a tukwanen roba cikin ɗakin gilashi, ashirin da huɗu suka tsiro.

A makonnin jira ne ta zaunar da ni ta warware mini abin da na yi shekaru ina koya wa yara ba tare da na gane shi ba. Kowane ganye, kowace saiwa, an gina su ne da ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. A cikin kowace ƙwaya akwai cikakken kundin gado na wannan tsiro, ba a rage ko shafi ba. Amma ƙwayar ba ta karanta kundin duka. Abin da ya taɓa ta daga waje shi ke gaya mata shafin da za ta buɗe. In ƙasa ta bushe, saiwa ce ke fara ji, sai ta aika wani sinadari ya hau zuwa ganye. Da ya isa, ƙananan ƙofofin da ganye ke shaƙar iska da su sai su tsuke don kada ruwa ya fita. A can cikin ƙwayar kuma wasu sinadarai da ake kira furotin da ke zaune shiru sai su tashi, su je su manne a bakin shafukan fari, su buɗe su. Ƙwayar ta kwafi umarnin, ta shiga ƙera abubuwan da za su riƙe mata ruwa, ta rufe shafukan girma don ba lokacinsu ba ne. In ruwa ya dawo, a rufe waɗancan a buɗe waɗannan. Aikina shi ne in ƙirga waɗannan kwafe-kwafen a ganyen ɗan Tanko, mu ga shafukan da yake buɗewa da har yake tsira inda wasu ke mutuwa.

Hanyar aikin ba wuya a baki. Tukwane tara masu shuɗin ƙyalle, su za a riƙa ba ruwa kullum. Tara masu jan ƙyalle a hannuna, za a yanke musu ruwa kwana goma sha biyu. Sauran shidan ma masu ja ne, amma an sa su a wani ƙaramin ɗaki na gefe a hannun Gopal, tsohon lebura mai kula da ɗakin gilashin, don in wani abu ya sami nawa a samu na kwatance. Shi ke riƙe da makullin. Bayan kwanakin sai a yanki ganye, a tsoma shi cikin wani ruwa mai tsananin sanyi da ke hayaƙi, ya daskare nan take, a daka shi a ɗan turmin tangaran. Ni da ban taɓa riƙe taɓarya a gidanmu ba, sai ga ni na tsallaka teku ina daka. Da na gaya wa Inna a waya ta yi dariya har da tari, ta ce, “To da ka faɗi daka kake so, ai da ba mu bari ka tai nesa ba.”

Ni da Gopal ba mu da harshe ɗaya. Da hannu muke magana, da 'yan kalmomin Turanci da bai fi goma ba. Amma manomi ne, kuma ya gane ni ma ɗan manomi ne tun ranar da ya ga yadda na murza ƙasa a tafin hannu. Da rana yakan raba gurasarsa biyu ya tura mini rabi ba tare da ya dube ni ba.

Ran kwana na huɗu da yanke ruwa, wayar yayana Sale ta shigo da hantsi. Muka gaisa, ya tambayi karatu, ya tambayi sanyi da zafi, na tambayi Baba da Inna da iyali, ya ce lafiya lau.

“Lawal, ka yi haƙuri,” ya ce. “Mutanen daji sun shigo muna jiya da la'asar.”

Na ce, “Innalillahi. Wa aka rasa?”

“Gidanmu dai ba a rasa rai ba. Amma sun kore shanu, sun sa ma rumbuna wuta. Da ƙafa munka iso Wagini, daga nan aka kawo su Baba Batsari bisa mashin. Muna gidan Kawu.”

“Yaya, har ƙaramin rumbun?”

“Har shi. Ko zangarniya guda ba mu fid da ba.”

Na zauna a ƙasa inda nake. Da na samu kaina, lokacin azahar ya yi, na ɗauki butata na nufi famfon da ke bayan ɗakin gilashi. Na yi alwala, na miƙe, idona ya faɗa kan tukwanena masu jan ƙyalle. Ganyensu ya naɗe ya yi tsini, launinsu ya dushe, ƙasar ta tsage ta janye daga jikin roba. Duk duniya ɗan Tanko ashirin da huɗu ya rage, kuma ni da hannuna nake kashe tara da ƙishi. Na san ga masu shuɗi can suna shan ruwa. Na san kwana goma sha biyu ba ya kashe gero. Duk na sani, na kuma koyar da shi. Amma a gidanmu ba a taɓa ganin shuka na neman ruwa, ruwa na hannunka, ka wuce ba. Na shiga na tsiyaya musu sauran ruwan butar, kaɗan kaɗan a gindi, na ja busasshiyar ƙasa na rufe.

Na ce sau ɗaya ne. Washegari na sake, jibi ma haka. Kullum da azahar, lokacin da kowa ya tafi cin abinci, sai in cika buta fiye da abin da alwala ke bukata. Wata rana na juyo na ga Gopal tsaye a bakin ƙofa. Ya dubi butar, ya dubi tukwanen, ya girgiza kai, ya taɓa makullin da ke rataye a wuyansa, ya wuce. Bai kai ƙarata ba, amma bai taɓa barin na shiga ƙaramin ɗakinsa ni kaɗai ba. A lokacin na ji haushinsa sosai. Na ce a raina wannan tsoho ba shi da imani.

Aka yanki ganye, na daka, aka sa a na'ura. Sakamako ya ɗauki makonni kafin ya fito, a lokacin an mayar wa dukan tukwanen ruwa suna ta girma. Na fara tunanin asirina ya rufu. Sai wata safiya Dakta Mina ta kira ni ofis. Ta juyo mini da fuskar kwamfuta. Layukan da ke nuna buɗewar shafukan fari a tukwanen Gopal sun yi sama kamar an harba su. Nawa masu ja suna kwance daidai da masu shuɗi.

“Lawal,” ta ce, “waɗannan tsirrai ba su ji ƙishi ba.”

Na fara kame-kame, na ce wataƙila na'ura ce, wataƙila danshin ɗakin ne.

“Na'ura ɗaya ce ta auna na Gopal. Ganyen ba ya ƙarya. Da saiwarsu ta ji bushewa, da shafukan nan sun buɗe. Ba su buɗe ba. Wa ya ba su ruwa?”

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Mutum ne ma ya tona ni da sauƙi, amma ganye! Na sunkuyar da kai na faɗa mata komai, da wutar, da rumbun, da butar. Sannan ta cire tabarau ta ce, “Da ka zo ka gaya mini, da mun dakatar da gwajin mun fara tara iri. Yanzu aikin wata huɗu ya tafi, kuma na Gopal shida ba su isa a rubuta komai a kansu ba. Sai waɗannan sun yi zangarniya, mu sake shukawa daga farko. Zamanka zai ƙaru da wata shida.” Ba ta kore ni ba, ba ta kai ni gaba ba. Da ta zage ni ma da na fi jin daɗi.

Ƙarin zama na nufin sabunta takardar zama, kuma saboda tabon da takardar dillali ta bar mini sai aka ce in je Delhi da kaina. Tsakiyar bazara ce, zafin da ban taɓa sanin akwai irinsa ba, ni da na tashi a Batsari. Tafiyar ta zo daidai da wani hutun jami'ar, Gopal ya tafi ƙauyensu bikin 'yarsa, aka bar tukwanen a hannun bututun da ke ɗiga ruwa da kansa. Kwana biyu na yi niyya, layi da “dawo gobe” suka mayar da shi biyar. A cikin kwanakin nan wuta ta lalace a ɓangaren ɗakin gilashin. Injin ruwa ya tsaya, fankoki suka tsaya, ba wanda ya leƙa.

Daga tasha ban biya masauki ba. Ina buɗe ƙofar ɗakin gilashin zafi ya buge ni kamar na leƙa tanderu. Masu shuɗi tara sun kwanta, sun zama kara. Nawa tara da na shayar, waɗanda suka fi kowa tsawo da faɗin ganye, su ma haka. Na taɓa ɗaya ya ruguje a hannuna. Na tsaya a tsakiyar ɗakin ina ta maimaita sunan Allah.

Gopal ya iso bayana da ɗan lokaci, shi ma daga mota. Ya ciro makulli ya buɗe ƙaramin ɗakin. Biyu sun mutu. Huɗu na tsaye, ƙanana, munana, ganye a naɗe, amma da ɗanyen kore a tsakiya. Tsohon nan ya ruga ya ɗebo ruwa a bokiti, ya miƙo mini moɗa, ya nuna mini tukwanen da haɓa. Yau dai ka ba su. Ina zubawa ina kuka, shi kuma yana bubbuga bayana yana wata magana da har yau ban san ma'anarta ba.

Dakta Mina ta sa aka zare matattun daga tukwane aka wanke saiwarsu. Nawa saiwarsu duk a sama take, gajera, don a nan ta saba samun ruwan buta. Na Gopal biyun da suka mutu kuwa tasu ta nutsa har ta naɗe a gindin roba. Ta ce ba saiwa kaɗai ba ce. Ƙwayar da ta taɓa buɗe shafukan fari takan bar wata alama a kansu, ba ta rufe su ruf. In ƙishi ya dawo, kafin wadda ba ta taɓa ji ba ta gama neman shafin, ita ta riga ta fara aiki. Cikin natsuwa ta faɗa, kamar tana karatu a aji. Ni kuwa abin da na ji shi ne tausayina ya kashe tara.

Cikin huɗun, biyu suka fitar da kai. Muka rufe zangarniyoyin da jakar takarda don kada ƙurar furen geron Indiya ta gauraya da su. Ranar na kira gida na ce a ba Baba. Tun da suka koma Batsari ba ya fita, Yaya Sale ya ce yini yake a zauren Kawu yana kallon bango, abinci sai an matsa masa. Muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai. Muka gaisa, ya sa mini albarka, sannan ya ce, “Ɗan Tanko fa?”

Na ce, “Ya fid da kai, Baba. Biyu.”

“Biyu? Mi ya sami sauran?”

Na so in ce wuta ce ta lalace, kuma da ban yi ƙarya ba. Amma na faɗa masa gaskiya duka. Sai na ji wata 'yar dariya mai rauni.

“Kai Lawal. Duk bokon nan? Gero ai ba jinjiri ba ne. Ba ka ganin in an yi ruwan shuka ya ɗauke, ba ni damuwa? Lokacin ne yake neman ƙasa.” Ya yi tari. “To, biyun ma Allah ya yi musu albarka. Yaushe za ka taho?”

Na ce saura wata takwas.

“Da can ba ka ce da kaka ba?”

“An ƙara mini, Baba.”

“To,” ya ce. “Allah shi kai mu.”

Bai kai ba. Wata huɗu bayan wannan magana, ina cikin daka ganyen gwaji na biyu, Yaya Sale ya kira da safe. Wannan karon bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Da ban tsiyaya ruwan butar nan ba, da ina gida wata biyu kafin ranar, da na zauna kusa da shi a zauren, da ni ma na kama makara. Mutane sun yi ta ce mini kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma rashin ganinsa ni na jawo wa kaina, wannan ba wanda zai sauke mini shi. Na yi masa addu'a ni kaɗai a bayan ɗakin gilashi. Gopal ya zo ya zauna nesa kaɗan, bai ci gurasarsa ba ranar.

Gwaji na biyu na yi shi yadda ya kamata. Kwana goma sha biyu ina wuce tukwane masu jan ƙyalle, na koma yin alwala a wani famfo can nesa don kada zuciya ta sake raya mini. Layukan suka tashi sama. Dakta Mina ta ce ɗan Tanko na buɗe wasu shafukan da wuri fiye da irin da suka saba aunawa, ta ce a rubuta sunan Baba a gaban littafin digirina. Na rubuta. Ita ta yi mini takardun fita da iri, na gaskiya, da hatimi. Ranar da zan tafi Gopal ya raka ni har bakin titi yana riƙe da jakata, ya ƙi ba ni sai da mota ta tsaya.

Na dawo na tarar da gari cike da baƙi, mutanen ƙauyukanmu da na wajen Safana, har daga Zakka da Babban Duhu, kowa ya raɓe inda ya samu. Gonarmu tana nan, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mashin, amma ba mai zuwa. Na je kabarin Baba, Yaya Sale ya nuna mini shi da ƙyar cikin sababbi. Da damina ta faɗi na roƙi wani ɗan fili a bayan gidajen malamai na makarantarmu, ƙasa ja mai tsakuwa, ba irin jigawar gida ba. Na shuka layi shida. Da ya fitar da kai na rufe na iri da jakar takarda, mutane suna wucewa suna cewa Malam Lawal ya dawo daga Indiya yana sa wa gero hula. Ban kula su ba.

Da kaka na ware na iri na ɗaure daban, sauran na kai wa Inna, bai cika ƙwarya ba. Tun rasuwar Baba ta zama marar magana. Ta karɓa ta daɗe tana juya shi da yatsu. Ba ta yarda a kai inji ba, ta aro turmi ta surfa da kanta, ta daka, ta dama kunu da tsamiya yadda take dama wa Baba. Ta zuba mini, ta zuba wa Yaya Sale, ta zauna a tabarma da nata ludayin. Muka zuba mata ido.

Ta kurɓa sau ɗaya. Ta riƙe shi a baki, ta haɗiye. Ta sake kurɓa.

Na kasa haƙuri na ce, “Inna, shi ne?”

“Shi ne,” ta ce. “Ɗan Tanko ne, ba shakka.” Ta ajiye ludayin a hankali, ta goge ido da gefen mayafi. “Amma ba haka yake ba can. Ya san ba gida yake ba.”

Na buɗe baki in yi mata bayani, in ce iri ɗaya ne, ƙasar ce ta sa ya buɗe wasu shafuka daban. Sai na ga ba abin da zan ƙara a kan abin da ta faɗa. Muka shanye kunun mu uku.